Shekarar da Muka Binne Iliya a Gona

Hannatu, ke ce babba, don haka da sunanki zan fara, amma maganar taku ce ku duka. Kun tashi a Bacirawa kuna jin ana cewa mu mutanen Gidan Marke ne, a ƙasar Ɗanbatta, ban da ke Hannatu kina ƙarama kuwa, ba wanda ya taɓa kwana a can. Wajen jana'izar Babanku na ga yadda danginsa suka zauna gefe guda, nawa suka zauna ɗaya gefen, kowa na jan ku yana ba ku labari. Waɗancan suka ce muku ni na raba gida. Waɗannan suka ce korata aka yi saboda addinin ubana. Ba wanda ya yi muku ƙarya tsagwaronta, amma ba wanda ya ba ku labarin duka. Shi ya sa na zauna zan rubuta tun idona na ganin takarda.

Kakanninmu duka Maguzawa ne, manoman gero da gyaɗa, zaune a tsakiyar ƙauyukan Musulmi, gona na jikin gona. Bishara ta shiga Gidan Marke ta hannun 'yan mishan, waɗanda yanzu kuke kira Furotesta. Namu ƙauyen kuwa, Unguwar Kanya, wani Fada ne, wato limamin Katolika, ya fara zuwa a kan babur, sai muka zama Katolika. Ubana shi ne katikis, wato mai jan addu'ar Lahadi da koyar da yara, tun da Fada sai a yi watanni ba a gan shi ba. A Gidan Marke mai bishara shi ne Yakubu, yayan Babanku, shi ne kuma ke riƙe da gandu tun rasuwar mahaifinsu. Rumbu a hannunsa, majami'a a hannunsa. Ni da Babanku a kasuwar Ɗanbatta muka ga juna, ina sayar da daddawa, ba wanda ya haɗa mu. Sharaɗi ɗaya Yaya Yakubu ya kafa: sai an sake yi mini baftisma, don a wurinsu yayyafin da aka yi wa jariri ba baftisma ba ce. Aka tsoma ni a kududdufin bayan gari da kaka, mata na waƙa a bakin ruwa. Ubana bai zo ba. Abin da ya ce mini ranar da zan bar gida shi ne:

"An riga an wanke ki tun kina tsumma, a hannuna kike. Je ki su tsoma ki, jiƙewa kawai za ki yi."

Duk da haka, a shekarun farko abin bai yi zafi ba. Baba kan zo duba ni a kan kekensa, su zauna da Yaya Yakubu a gindin marken ƙofar gida su yi ta musu har inuwa ta juya. Yaya kan buɗe Littafi a cinyarsa ya ce a nuna masa inda aka ce a roƙi Maryamu, da inda aka ce mutum ya durƙusa gaban ɗan'uwansa mutum ya furta zunubi, da inda aka rubuta cewa akwai wani wuri tsakanin sama da wuta da ake wanke matattu. Baba kuma ya ce shi Littafin wa ya tattara shi, wa ya ce wannan ya shiga wancan kada ya shiga, in ba Ikilisiya ba? Ya ce nasu Littafin ma an rage masa wasu sassa, kuma tun da kowa ya zama mai fassarar kansa, ga shi a Kano kowane lungu da sabon cocinsa. Yaya ya ce ceto kyauta ne, bangaskiya kaɗai ke karɓarsa, ba a sayensa da jan carbi ko azumi. Baba ya ce to mutum ya shuka gona ya koma ɗaki ya kwanta, mu ga abin da zai girba. Ina jin su daga madafi, wani lokaci har dariya nake yi. In na kai tuwo, a akushi ɗaya suke ci.

Sai fari ya zo. Shekarar farko ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ke fitar da kai, muka samu abin da bai kai rabi ba. Ta biyu ko iri ba mu mayar ba, gyaɗa ta bushe a ƙasa kamar an soya ta. Maza suka fara tafiya cin rani tun kafin lokaci, aka riƙa kora awaki da shanu kasuwa ana rabuwa da su a wulaƙance. Muka koma cin dusa da tafasa da ganyen yaɗiya. Ke Hannatu kina tafiya a lokacin, har kin iya cewa yunwa. A bayana kuma ina goye da ƙaninki Iliya, bai yi shekara ba. Nonona ya fara ƙafewa, ya tsotsa ya saki ya yi kuka, daga baya ma kukan ya rage.

A cikin wannan hali mota ta fara kawo buhunan masara da garin madara Unguwar Kanya ta hannun Fada, Baba ke rabawa. Ya sha faɗa mini cewa bai taɓa tambayar kowa addininsa ba, na kuma yarda, don har maƙwabta Musulmi sun karɓa. Amma gaskiya ce kuma sai an idar da addu'a yake buɗe buhu, wanda ya zo da wuri sai ya zauna ya ji. Kafin a yi wata biyu gidaje biyu daga majami'ar Gidan Marke sun koma can da sujada. Ran Lahadi Yaya Yakubu ya miƙe ya yi wa'azi a kan mutumin da ya sayar da gadonsa saboda ƙwaryar abinci, ya ce duk wanda ya kai kwano Unguwar Kanya ya san abin da ya bayar kafin ya karɓa. Kada ku ɗauka mugunta ce. Yaya Yakubun nan ya buɗe rumbun gandu ya ciyar da gwauraye har ya ga ƙasansa, duk gidan ba wanda ya kai shi ramewa, rigarsa kamar an rataye a sanda. Ya gaskata har zuciyarsa cewa rayukan mutane ake saye a gabansa, kuma shi za a tambaya.

Wata safiya Baba ya iso da rabin buhu ɗaure a bayan keke da gwangwanin madara. Ina tsakar gida na ji muryarsa, na fito zaure. Yaya Yakubu ya riga ni, ya gaishe shi da ladabi kamar kullum, sannan ya tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, ka yi haƙuri. Wannan kayan ba zai shiga gidan nan ba."

"Ba majami'arka na kawo wa ba, Yakubu. 'Yata na kawo wa, tana shayarwa."

"Haka aka ce wa gidan Barau da gidan Tanko. Yau a ina suke sujada?"

Babanku na tsaye a gefe, kansa a ƙasa. Shi ƙani ne, kuma dattijo ne a majami'a ƙarƙashin yayansa, bai saba ɗaga murya a gabansa ba. Baba ya dube shi ya daɗe, ya dube ni, ya juya keken. Na bi buhun nan da ido har ya sha kwana a bayan dangar Malam Sule maƙwabcinmu.

Da zafi ya tsananta sai ƙyanda ta shigo gari. Ta fara da gidajen gabas, ba a jima ba ta iso namu. Jikin Iliya ya yi zafi, ƙuraje suka feso, idanunsa suka manne, numfashinsa ya koma kamar ana jan zare a ƙoshiya. Babanku ya kai shi ɗakin shan magani, aka ba mu ruwan magani a kwalba aka ce a ba shi abinci mai kyau. Da Baba ya ji, ya zo, amma bai shiga ba. Ya zagayo ta bayan ɗakina ya kira ni ta jikin danga, muna magana ba ma ganin juna sosai. Ya tambaye ni ko an yi wa yaron baftisma, ko da yake ya san amsar. Sannan ya ce:

"Saratu, in ya tafi haka ba zai ga fuskar Allah ba. Ban ce wuta ba, yaro ne. Amma ba zai gani ba."

Ya ce a irin wannan hali kowa na iya yi, ko ni, da ruwa da kalmomin da ya koya mini tun ina ƙarama. Na ce masa ina tsoro, ni da aka sake tsomawa a kududdufi ban san ko hannuna zai karɓu ba. Ya ce to in kawo shi.

Ban tafi nan take ba. Na fara zuwa wurin Yaya Yakubu, na durƙusa na faɗa masa abin da ke cin raina. Ya yi mini magana a hankali, ba faɗa. Ya ce in kwantar da hankalina, ruwa ba ya ceton kowa, jariri yana hannun jinƙan Allah, baftisma ta wanda ya buɗe baki ya shaida bangaskiyarsa ce. Ya ce in akwai waɗanda za a ji wa tsoro, manya ne da suka mutu suna dogara ga carbi da ayyukansu da roƙon Maryamu. Da ya tsaya a kan jariri, da wataƙila na koma ɗaki na zauna. Amma Innata da carbi a hannu ta cika, ni na zare shi daga yatsunta. Na ce masa, "Yaya, Innata fa?" Sai ya ce:

"Ba ni ne alƙali ba. Amma Littafi bai ba ni abin da zan ƙarfafa ki da shi a kanta ba."

Na tashi daga gabansa da mutum biyu a kaina. In Yaya ne mai gaskiya, uwata ta hallaka. In Baba ne, ɗana na bakin hallaka. Uwata ba abin da zan iya yi mata. Ɗana kuwa yana numfashi.

Washegari da hantsi na goya shi. Ban yi a ɓoye ba, kada wani ya ce muku na saci hanya. Na sami Babanku yana gyaran igiyar guga na faɗa masa inda za ni da abin da zan yi. Ya ce in san Yaya zai ji. Na ce ni da bakina zan faɗa masa. Bai ce tafi ba, bai ce zauna ba. Ya shiga ɗaki ya ɗauko malafarsa ya rufa wa yaron a bayana, ya ce in dawo kafin rana ta faɗi.

Baba ya karɓe shi a ƙofar ɗan cocinsu na jinka. Ya ɗebo ruwa da ludayi ya zuba masa a goshi, ya faɗi kalmomin, ya raɗa masa suna Yusufu. Yaron bai yi kuka ba, bakinsa kawai ya motsa. Aka dama kunu da madara, na ɗiga masa da yatsa ya haɗiyi kaɗan, ni kuma na shanye sauran har na suɗe ƙwaryar. Baba ya roƙe ni in kwana, na ce na yi wa maigidana alkawari. A hanyar dawowa, na wuce rijiyar Fulani kaɗan, sai na ji wannan ɗan motsin da bayana ya saba ji ya tsaya. Na tsaya ni ma. Ban kwance zanen ba. Na gyara malafar na ci gaba da tafiya. Wasu mata masu dawowa daga itace suka gaishe ni suka ce yaya mai jiki, na ce da sauƙi.

Babanku ne ya kwance goyon. Ya shimfiɗe shi a tabarma ya zauna kusa da shi. Da Yaya Yakubu ya shigo, ban jira ya tambaya ba, na faɗa masa duka. Dangin Babanku har yau suna cewa zafin ranar hanya ne ya kashe shi. Mai yiwuwa ne, ban sani ba. Abin da na sani shi ne 'yar Yaya Yakubu ta cikinsa, Rifkatu, ba ta fita ko ƙofar ɗaki ba, ita ma a watan ta tafi.

Da gari ya waye Baba ya iso, labari ya kai masa. Ya zo da ɗan gicciye na itace, ya ce yaron ɗan Ikilisiya ne yanzu, a ba shi ya kai shi makwantarsu ya yi masa addu'ar da ta dace. Yaya Yakubu ya ce jinin gidan nan ne, a nan za a binne shi, amma shi ba zai tsaya a kan kabarin ba sai uwar ta fara amsa a gaban dattawa cewa abin da aka yi a Unguwar Kanya ba baftisma ba ce, don kada jama'a su ce ya sa hannu. Suka tsaya a ƙofar zaure, wannan na kawo aya, wancan na kawo abin da magabata suka koyar. Su ne maganganun gindin marke, ba ɗaya da ban taɓa ji ba, sai dai yanzu ba mai dariya. Rana ta ɗaga. Ina zaune a ɗaki ina kore ƙuda daga fuskar yaron da gefen zanena.

Sai Babanku ya shigo. Ya naɗe shi a farin ƙyalle, ya rungume shi, ya ce in ɗauko fartanya. Muka fita ta tsakaninsu, bai dubi kowa ba. Yayansa ya kira sunansa, Ayuba, bai juya ba. Muka nufi gayaunarsa, ɗan filin da yake nomawa don kansa a bayan gonar gandu. Ƙasa ta yi tauri, fartanya na tsalle. Malam Sule ya hango mu daga gonarsa, ya je gida ya ɗauko diga, suka riƙa karɓa-karɓa su biyu har ramin ya isa. Ya yi mana ta'aziyya ya koma gefe ya tsaya. Babanku ya sa yaron, ya buɗe baki zai yi addu'a. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Ubangiji, ga shi nan." Muka mayar da ƙasa.

Ran Lahadi aka karanta sunana a majami'a cewa ina ƙarƙashin horo: in zauna a bencin baya, ba ni ba Jibin Ubangiji, gurasar da masu bi ke karɓa tare, sai na miƙe gaban jama'a na tuba. Na zauna a bencin har damina ta kusa. Matan gida suka yi ta lallashina, suka ce kalma biyu ce a wuce wurin. Na kasa. Ba don na tabbata Baba ne mai gaskiya ba, har yau ban tabbata ba. Amma abu na ƙarshe ke nan da na yi wa ɗana yana da rai, ban ga yadda zan tsaya in ce na yi nadamarsa ba. Dattawa suka ce wa Babanku wanda bai iya da gidansa ba, ba zai iya da ikilisiya ba, ko ya sa ni in tuba ko ya sauka. Ya sauka. Bayan haka zama a gandu ɗaya da yayansa ya gagara, gaisuwa ma sai a daddafe. Ya nemi a raba, aka raba, rabonsa bai isa ya riƙe mu ba. Ruwan farko bai sauka ba muka hau motar Kano da tabarma da tukwane biyu, ke Hannatu a cinyata. Mutumin da kuka sani yana tura kurar ruwa a Bacirawa har ƙafafunsa suka kumbura, manomi ne da ake kwatance da kunyar gonarsa a garinsu. Bai taɓa cewa ni na jawo masa ba, ko da wasa. Amma duk ranar da hadari ya haɗo, sai in gan shi ya fita waje ya tsaya yana kallon arewa.

Kuna iya zaton aƙalla ƙofar gidanmu a buɗe take gare ni. Kafin mu tafi na je yi wa Baba sallama. Ya yi murna, ya zaci dawowa na yi. Ya ce in Fada ya zo zan furta zunubin shiga kududdufi, a kuma sake ɗaura aurena a gabansa, don a idon Ikilisiya wanda aka yi a Gidan Marke bai ɗauru ba, sai an gyara zan karɓi Jiki da Jini, wato Jibin Ubangiji a wurinsu. Ya ce ke ma a kawo ki a yi miki baftisma. Na ce masa, Baba, mutumin da ya bar dattijantaka da gonarsa saboda ni, shi zan je in ce wa zamanmu ba aure ba ne? Ya ce ba shi ya kafa dokar ba, ba kuma shi zai sauke ta ba. Na ce to ni ma ba zan iya ba. Ya raka ni har bakin gari. Daga nan sai saƙon gaisuwa a bakin masu zuwa kasuwa.

Bayan wasu shekaru aka aiko cewa yana kwance. Muka tafi da Babanku, shi ya zauna a waje a kan turmi, ni na shiga. Baba ya rame, idonsa na kan ƙofa. An aika a kira Fada ya zo ya shafa masa mai ya ji furcinsa na ƙarshe, amma damina ce, hanya ta yanke. Duk ƙarar da ya ji sai ya ce babur ne. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gargaɗin mutane kada su mutu ba Fada a kansu, ga shi tsoro ya kama shi kamar yaro. Ya miƙo mini carbinsa ya ce in ja masa. Na fara, na yi layi biyu, sai kalmomin suka ɓace mini. Na sake farawa, suka sake ɓacewa a wuri ɗaya. Ya dube ni, ya karɓi carbin ya ci gaba shi kaɗai da ɗan abin da ya rage masa na murya. Da la'asar ya cika. Fada ya iso bayan an binne shi.

Yaya Yakubu ya daɗe bayan Baba, ya makance kafin ya rasu. Mun je jana'izarsa, na kuma yi kuka na gaske, don mutum ne da bai taɓa cin abin wani ba. Bai taɓa janye maganarsa ba, ni ma ban janye tawa ba. A wannan zuwan na nemi a kai ni gayaunar. An sayar da ita tun tuni, mai ita ya haɗe ta da gonarsa, gero ya rufe ko'ina. Na zaga, na zaga, ban gane wurin ba.

Ba na rubuta wannan don ku zaɓi gefe ba. Cikinku akwai mai zuwa wannan coci, akwai mai zuwa wancan, ban hana kowa ba. Abu ɗaya nake roƙo. A Gidan Marke ba a ambaton ɗan'uwanku saboda abin da ya biyo baya, a Unguwar Kanya kuma Yusufu suka sani, su ma waɗanda suka sani sun ƙare. Sunansa Iliya. Yana da ɗan tabo a bayan kunnen hagu, ya kuma fara rarrafe kafin ciwon ya kama shi. In an tambaye ku ku nawa ne a wurin uwarku, ku daina cewa biyar. Ku shida ne.